Ƙwaro Guda, Ludayi Guda

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. An samu guda mai kyau, kowa ya fita da sungumi, hatsi ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke kai. Kullum da la'asar hadari zai haɗu baƙi ƙirin daga gabas, mu kwashe shanya, mu jera robobi ƙarƙashin indararo, iska ta zo ta kore shi ta kai wa wasu. Yau kwana goma sha tara muna wannan aikin.

Shekaranjiya da hantsi ina tsince wake a ƙofar ɗaki, sai na ji ɗiyata Zali ta kurma ihu daga bayan famfo. Zali fa ba yarinya ba ce, ta aurar da ɗiya biyu, amma ihun da ta yi sai ka ce kububuwa ta taka. Na isa na tarar da ita da muciya a sama, za ta maka wa wata hawainiya da ke lafe bisa reshen zogale. Ban san lokacin da na fizge muciyar ba, na kuma zazzaga mata faɗan da ya fi laifinta.

Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Inna, lahiya? Don wagga halitta kike son cinye ni ɗanya?"

Na jefar da muciyar gefe. Ita ba ta tuna shekarar yunwa ba, shekararta uku a lokacin. Ni kuwa waccan damina ce ta dawo mini gaba ɗaya, da zafinta da warinta.

A waccan shekarar ina gidan Baba, wani ƙauye bisa tudu, tafiyar rabin yini zuwa Filinge a ƙafa. Mijina Alu ya tafi biɗar kuɗi Abijan tun kaka, ba shi ba labarinsa. Innarmu ta daɗe da rasuwa, yayana kuma ya kora sauran shanun gidan ya yi kudu da su. Sai na kwaso ɗana Idi da Zali na dawo gida, don ba mai ɗaga Baba. Sunansa Shekarau, mahaƙin rijiya ne, rabin rijiyoyin ƙasarmu ya shiga cikinsu, har ranar da wata ta rufta masa a ƙugu. Tun daga nan duniyarsa ta koma gadon kara ƙarƙashin rumfa. Bakin dai bai karye ba. Sunan uwarsa aka sa mini, Dije, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ni kuwa na riƙe wannan sarauta da hannu biyu, ina yi masa faɗa yadda na ga dama.

Ruwan farko ya zo da wuri, ya yaudare mu. Na shuka kusan duk irin da ya rage, ni kaɗai, Zali a goye. Sannan aka ɗauke. Hatsi ya murɗe ganye, ya yi fari, iska ta binne shi da yashi. Zafin shekarar ban sake jin irinsa ba. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, ruwan randa sai ka ce an sauke shi daga murhu, kaji su buɗe baki su saki fiffike a gindin danga. Rumbu kuwa tuni aka share shi. Ni na shiga ciki da tsintsiya, na tattaro tsakuwa da kashin ɓera da ɗan abin da ya saura, na sheƙe na adana.

Ga yadda yini ke tafiya. Da asuba in tafi rijiya in bi layi, guga ta sauka har igiya ta ƙare, ta hawo da rabi ruwa rabi laka. In dawo in canza wa dilo ruwa, 'ya'yan anza ke nan, masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Sannan mu haɗu mu mata biyar ko shida mu shiga daji neman jiga, itacen da ake cin ganyensa, mai iya hawa ta hau ta sassaro rassa, na ƙasa su tattara, a raba daidai. Wata rana mu ɗauki fartanya mu tone gidan tururuwa mu kwashe tsabar da ta tara, tana cizon mu muna ba ta haƙuri. In na dawo in zage ganyen, in dafa, in matse, in sake dafawa. Abin da muke kira abinci shi ne kunun dusa, da ɗan dintsin hatsi a ciki don dai a ce da hatsi. Tsululu ne, kana ganin gindin ƙwarya. Ludayi goma na Baba, goma nawa, sauran na yara.

Sai Baba ya fito da sabon salo. In na kawo ƙwarya ya kurɓa sau biyu, ya ture, ya ce, "Na ƙoshi, Uwata. Ba ɗiyanki."

Na ce, "Ƙoshi da mi? Iska ka ci?"

Ya ce mutumin da ba ya noma, ba ya tafiya, cikinsa ƙanƙane ne. Kwana biyu, kwana uku, har kurɓar ma ya daina. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira liman ya yi masa nasiha. Ya saurara da ladabi, liman na fita ya ce da ni, "Ai ban ce ba ni ci ba. Yunwa ce ba ni ji." Ƙarya yake yi, daga bakin murhu ina jin cikinsa na kuka.

Ran nan na sauke damin jiga a tsakar gida, sai ga abu ya fito daga cikin ganye da tafiyar nan tasa ta ƙasaita, ƙafa gaba ƙafa baya. Hawainiya ce, ramammiya, launin toka. Mu dai tun muna yara an ce mana yawunta makanta ne, saboda haka na rarumi itace.

Baba ya daka mini tsawar da rabona da jin irinta tun yana da ƙafafu. "Aje shi! Baƙuwa ta shigo gidana ki tarbe ta da sanda? Baƙonka Annabinka. Kawo min ita nan."

Na ɗauko ta bisa reshe, ina miƙa hannu nesa da fuskata, na soke reshen jikin dirkar rumfa daidai kansa. Ya daɗe yana kallonta. Ita ma ta juyo masa ido guda, ɗayan yana wajena. Ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa an yi wata.

Na ce, "To, tunda ka samu abokiyar hira, sha kunu."

Ya ce, "Haba Uwata, ke kika koya min haka? Mai gida shi ci, baƙo na kallo da yunwa? In ta ci, in ci. Ƙwaro guda, ludayi guda."

Na zaci wasa ne, na ce ya rantse. Ya rantse da Allah, ya ƙara da sunan uwarsa wanda ke bisa kaina. Wayyo wauta, har murna na yi. Na ce a raina ƙwaro ai ba saye ake yi ba.

Ranar farko fara shida na kamo a gindin sabara. Na ɗora guda bisa ganye na ja da baya. Ta daɗe tana lilo gaba da baya, sannan harshen nan ya fita, kafin in ƙifta ido fara ta ɓace. Baba ya yi dariya har da tari. Ta ci shida, ya sha shida, ina ƙirgawa da ƙarfi. Washegari bakwai. Na ce alhamdu lillahi, na kama bakin zaren.

Rana ta huɗu ta ƙi fara. Ga ta a gabanta tana motsi, ta juya ido ta kalli wani wuri. Baba ya ce, "Ke ma dilo kullum ai ya ishe ki." Haka na koma baiwar hawainiya. Mu da ko gishiri ya gagare mu, ita sai an canza mata cima! Na je inda mahauci ke shanya fatun dabbobin da yunwa ta kayar, na toshe hanci, na kamo manyan ƙudajen nan masu kore na zuba a gora. Ta ci kwana biyu ta gaji. Na tone tsohon juji na samo tsutsa fara mai kauri, ta ci uku. Gyare na ƙarƙashin randa, inda ƙasa ke da ɗan sanyi, shi ta fi so, amma guda nawa ne a gida ɗaya? Na bi gidajen maƙwabta ina roƙon a bar ni in ɗaga randa. Gizo-gizo ta ci. Tururuwa ko kallo. Buzuzu ta ɗauka ta tofar. Matacce kuwa ba ta taɓa shi, sai mai motsi. Wata rana na ɗaura wa matacciyar fara zare ina ja a hankali, ta bi ta da ido har ƙarshen reshe ta kawar da kai. Ta gane, Baba ma ya gane.

Abin da ya fi ci mini rai, fara abincin mutane ce. Idi ya ga na shigo da biyar ƙulle a gefen zane, ya tsaya yana haɗiyar yawu, ya ce, "Inna, ki gasa muna." Na ce na Kaka ne. Ya ce Kaka ba shi cin hwara, waccan abu ce ke ci. Na wanka masa mari. Har yau in na tuna marin nan sai kunya ta kama ni, don yaron ba abin da ya faɗa sai gaskiya.

Mata a rijiya suka sa ni a baki. Wai ɗiyar Shekarau ta taɓu, wai tsafi muke yi a gidan. Wata ta ce hawainiyata ta kiyayi ramarta, aka kwashe da dariya. Na ce ta fara samun ramar tukuna, a wannan shekara. Na ci nasarar baki, amma hanyar gida duk da hawaye na yi ta.

Daji ya ƙara bushewa, ƙwari suka yi ƙaranci. In yi yawo daga hantsi har azahar, kaina na juyawa, gari na yi mini duhu in na sunkuya, in dawo da biyu. Biyu kuwa ludayi biyu ke nan. Na gwada zamba, na ce ta ci huɗu sa'ad da yake barci. Ya ce, "Barcin wa? Tun sahe idona na kanta." Na sako babban ludayi, ya ce a dawo da na jiya, shi da wancan suka yi alkawari.

Sannan hawainiya ta daina ci ɗungurungum. Idanunta suka faɗa ciki, fatarta ta yi yaushi, ta koma baƙi-baƙi, reshen ma da ƙyar take riƙe shi. Na jera mata duk abin da ta taɓa so, gyare, ƙuda, tsutsa, ko juyowa ba ta yi. Ruwa kuwa ban taɓa hana ta ba. Tun ranar da ta zo na ajiye mata kasko a gindin dirka, kullum in zuba sabo daga wanda na yi wa layi, kamar yadda ake yi wa kaji. Kaskon na raguwa, ina cewa tana sha. Ashe rana ce ke sha.

Kwana uku ba ta ci ba, kwana uku Baba bai sa komai a baki ba sai ruwa. Na durƙusa gabansa ina kuka, na ce ya karya rantsuwar, ai akwai kaffara. Ya ce, "Da mi za mu ciyar da miskinai goma, Uwata? Mu ne miskinan." Ya ɗora hannu a kaina, hannun da ya fasa duwatsun rijiya, ban ma ji nauyinsa ba. Dabarata ta ƙare. Na zauna tsakanin tsoho da hawainiya ina kallon wanda zai riga wani.

Rana ta huɗu Gwaggo Mintu ta yi sallama. Bazabarma ce daga wajen Bonkuku, aure ya kawo ta garinmu, tana sayar da saiwoyi da sassaƙe ran kasuwa. Ta ji labari, ta zo ta ce in hawainiyar ta mutu kada in yar, in ba ta ta shanya, tana shiga magani. Ta leƙa reshen, ta leƙa kaskon, sai ta riƙe baki.

Ta ce, "Ke Dije, wa ya ce miki hawainiya na shan ruwan kasko? Kaza ce? Raɓa take lasa bisa ganye. Ƙishirwa ce za ta kashe ta, ba yunwa ba. Mai ƙishirwa kuwa ba shi ci."

Ta cika baki da ruwa ta fesa wa ganyen, yadda masu saƙar tabarma ke fesa wa kaba. Ɗigo ya rataya a bakin kowane ganye. Muka zuba ido. Can sai hawainiya ta miƙa wuya, ta buɗe baki, ta fara lasa, ɗigo bayan ɗigo.

Na juya don in yi wa Baba albishir, sai na ga ya kawar da kai wajen danga. Nan take na tambayi kaina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a daji, wanda da kallon ciyawa kawai yake sanin inda ruwa ke kwance ƙarƙashin ƙasa, shi ne bai san yadda hawainiya ke sha ba?

Da Mintu ta fita na ce, "Baba, ka sani."

Ya ce, "Na sani."

"Kana kallona kullum ina zuba ruwa cikin kasko."

"Ina kallonki."

"Don mi, Baba? Mi na yi maka?"

Ya juyo daga danga ya dube ni. Sannan ya ce, "Kunun ga na mutum uku ne, Uwata. Aikina awo ne tun ina yaro. Na auna shi, bai kai huɗu ba."

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa mahaluƙi ba. Na ce ya mai da ni wawiya, ya sa na mari ɗana, ya sa gari na yi mini dariya, ina yawon kama ƙuda shi yana kwance yana shirya tafiyarsa. Na ce Allah ba zai bar shi ba, sannan na ce astagfirullahi, sannan na sake faɗa. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Da ban ba ki wagga aiki ba, da kin bar naki ludayin kin ɗura min da ƙarfi, na san ki. In kin kwanta, wa za ya riƙa ɗiyanki?"

Washegari ta ci gyare guda. Na kawo ludayi guda, ya sha bai yi gardama ba, rantsuwa ce. Amma bai daɗe ba ya dawo da shi, cikin ya riga ya rufe. Ina fesa wa ganye ruwa safe da yamma, hawainiya na murmurewa, launinta na dawowa kore-kore, shi kuma yana tafiya a gabana. Likita na Filinge, kuma duk garin ba jakin da ke iya jan amalanke har can. Na roƙi maza biyu su ɗauke shi a gado, suka sunkuyar da kai, su ma yunwa ta cinye ƙarfinsu. Ban ga laifinsu ba.

Ruwan ya zo ran wata Laraba bayan azahar. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ƙamshin ƙasa ya riga shi isowa, sannan aka kece. Rumfa ta yi yoyo ta ko'ina, na rufa wa Baba tabarma, ina jin mata na guɗa a gidajen maƙwabta. Da ya ɗauke, rana ta leƙo, sai ga shinge, garar nan mai fiffike, na fita daga ƙasa ba iyaka. Ba sai na je ko'ina ba, da kansu suke sauka bisa reshen. Harshe ya yi ta fita yana komawa. Ina ƙirgawa da ƙarfi kamar ranar farko. Goma sha ɗaya ta ci.

Na kwance ƙullin hatsin da na ɓoye don iri, na daka rabi, na dama kunu mai kauri. Na ɗora kansa bisa cinyata. Na ce, "Baba, sha ɗaya ta ci. Ka rantse."

Ya buɗe ido ya ce, "Baƙuwa ta ƙoshi?"

Na ce ta ƙoshi.

Ya sha ɗaya. Na biyu ya tsaya masa a baki, ya gangaro ta gefen gemu, na goge da bakin zane. Ya ce, "Sauran ki aje min wajen ɗiyanki."

Na ce ban yarda ba, wallahi ban yarda ba. Na riƙe ludayin a bakinsa har hannuna ya sage, bai sake buɗewa ba. Da hantsin washegari, mutane duk suna gona suna sake shuka, Allah ya karɓi abinsa. Sai da aka bi gonaki aka kira maza. Ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, masu haƙa suka ce ba su wahala ba ko kaɗan.

Ludayi taran nan na ba yara, Idi biyar, Zali huɗu. Suka shanye, suka sa yatsa suka lashe ƙwarya. Hawainiya kuwa bayan kwana biyu na duba reshen ba ta nan. Mintu ta tambaye ni, na ce baƙuwa ta tahi gida.

Yanzu akwai famfo a tsakar gidan nan, Idi na aiko da shinkafa daga Yamai, in ciwo ya tashi a kira mai babur da salula ya zo har ƙofa. Ko ruwan bana ya ƙi, mu dai ba mu kai ga dilo ba tukuna. Amma shekaranjiya, da Zali ta koma ɗaki tana gunaguni, na cika baki da ruwa na fesa wa zogalen. Na zagaya bayan danga da gwiwoyin nan nawa da ba sa jin magana, na kamo fara biyu, na ɗaga randa na samu gyare, na haɗa da ƙuda guda. Hawainiya ta yi lilonta, ta ci duka huɗun.

Na shiga na ɗebo kunu ludayi huɗu a ƙwarya, na kai wa Zali. Ta kalle ni, ta kalli ƙwaryar.

Ta ce, "Inna, yanzun ga na ci tuwo. Na ƙoshi."

Na ce, "Ba a hwaɗa min wagga magana cikin gidan ga. Amshi ki sha."

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta ga idona, ta karɓa. Na tsaya a kanta ina ƙirgawa har ta shanye.